Finafinan Ƙagaggen Kimiyya na Afirka da Tambayar "Wane ne Baƙo?"

Fim ɗin ƙagaggen kimiyya shi ne wanda ake gina labarinsa kan zamani mai zuwa, ko tafiya sararin samaniya, ko wata fasahar da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Manyan kamfanonin Amurka sun daɗe da mamaye wannan fanni, amma masu shirya fim masu zaman kansu daga Afirka sun mayar da shi hanyar magana kan asali da mutanen da aka ture gefe.

Rawar 'yan Ghana

John Akomfrah, wanda aka haifa a Accra a 1957, ya fitar da The Last Angel of History a 1996. Fim ɗin ya kwatanta bayin da aka kwashe daga Afirka da mutanen da aka jefa wata duniya. A 2014 kuma Nuotama Bodomo ta fito da Afronauts, gajeren fim kan yunƙurin Edward Nkoloso na Zambiya na tura mutane duniyar wata a shekarun 1960.

Sauran ƙasashe

Wanuri Kahiu ta Kenya ta shirya Pumzi a 2009, kan rayuwa bayan yaƙin duniya a kan ruwa. Neptune Frost na 2021, na Saul Williams da Anisia Uzeyman, ya bi masu haƙar ma'adinai da suka kafa ƙauye da tarkacen kwamfuta, abin da zai tuna wa mazauna Accra jujin Agbogbloshie. District 9 na 2009 ya nuna halittun wata duniya a tsare cikin unguwar marasa galihu a Johannesburg, sai dai gwamnatin Najeriya ta yi tir da yadda ya nuna 'yan ƙasarta a matsayin miyagu.

Alaƙa da Zango

A Turanci, kalma ɗaya ake kiran baƙon ƙasa da halittar wata duniya. Da ita aka sa wa dokar korar baƙi ta gwamnatin Kofi Busia suna a 1969, dokar da ta raba iyalai da dama a zangonni. Har yau wasu mazauna Nima da Maamobi, da masu ciniki a Kasuwar Malam Atta, kan sha tambaya kan asalinsu wajen neman katin ɗan ƙasa, ko da a Ghana aka haifi kakanninsu. Wannan ce tambayar da finafinan ke yi: wa ke da ikon yanke hukunci kan wane ne ɗan gida?