Ƙa'idar Ohm: tsakanin attajirin Ingila da malamin Jamus

A shekarar 2027 ne ƙa'idar da ake auna wutar lantarki da ita take cika shekara 200 da fitowa a rubuce, kuma babu waɗanda suka fi cancanta su san asalinta kamar mutanen Minna, waɗanda jiharsu ta tara madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru. Ita dai ƙa'idar gajeriya ce: idan aka raba ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya, abin da ya fito shi ne turjiyar waya, idan kuwa aka ninka su da juna, sai a sami ƙarfin aiki, wato wat. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 na gidajenmu yana jan amfiya 4 da ɗoriya, turjiyarsa kuma ta kai wajen ohm 53. Wannan sunan na ohm shi ne malaman tarihi suka yi saɓani a kan wanda ya fi cancanta da shi.

Ruwaya ta farko tana ba Henry Cavendish fifiko, wani attajirin Ingila mai tsananin kunya da gudun jama'a, wanda tun a 1781, lokacin da babu wata na'ura ta auna gudun lantarki, ya mai da jikinsa ma'auni: yakan cika bututun gilashi da ruwan gishiri, ya saki wutar da ya tara a kwalba ta bi ta ciki ta ratsa shi, sa'an nan ya ƙiyasta ƙarfinta da gwargwadon zafin girgizar da ya ji. Ta wannan hanya mai wuya ya fahimci cewa gudun wuta yana tafiya daidai da ƙarfin turinta. Sai dai bai sanar da kowa ba, ya rasu a 1810 takardun suna ajiye, har sai da James Clerk Maxwell ya tattara su ya buga a 1879, bayan duniya ta daɗe da sanin mas'alar ta wata ƙofa.

Ƙofar kuwa ita ce Georg Simon Ohm, ɗan maƙerin makullai da aka haifa a Erlangen ta ƙasar Jamus a 1789, wanda yake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a birnin Kolon. Da ya ga batiran zamaninsa ba sa tsayawa a kan ƙarfi ɗaya, sai ya karɓi shawarar wani masani mai suna Poggendorff, ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfen da ake kira bismut, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayar kuma cikin ƙanƙara, domin bambancin zafin ya ba shi wuta tabbatacciya wadda ba ta hawa da sauka. Daga nan ya riƙa sauya tsawon waya yana duba karkatar allurar maganaɗisu, har hujja ta tsaya masa, ya fitar da littafinsa a Berlin a 1827.

Littafin bai sami karɓuwa ba, kuma a nan ma ruwaya biyu ce. Wadda ta fi yaɗuwa tana cewa hukuma ce ta ɗauki koyarwarsa a matsayin bidi'a ta wulaƙanta shi, ana kafa hujja da wata magana da ake jinginawa ministan ilimi. Ni ban ba wannan nauyi mai yawa ba, domin an fi maimaita ta don daɗin labari. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne, ya rubuta littafin da lissafi mai zurfi, yana bin tafarkin da wani masani mai suna Fourier ya bi wajen bayanin yaɗuwar zafi, alhali kuwa malaman ƙasarsa a lokacin sun fi karkata ga falsafa, har ɗaya daga cikinsu, Pohl, ya yi masa raddi mai kaushi. Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon, ya zauna cikin ƙunci a Berlin har 1833 da ya sami gurbi a Nuremberg. Ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar Copley a 1841, ya hau kujerar farfesa a Munich a 1852, ya rasu a 1854, kuma wani taron masana da aka yi a Paris a 1881 ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin turjiya.

Amfanin wannan a gare mu a fili yake. Wani masani mai suna James Joule ya nuna cewa zafin da waya ke ɓarnatarwa yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da gudun wuta ya ninka biyu. Saboda haka ne wutar Shiroro, tashar megawat 600 da aka buɗe a 1990 a kan Kogin Kaduna, ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin ta kama hanya, domin gudunta ya ragu, asara ta yi kaɗan. Da wannan lissafin ne kuma mai haɗa wuta a unguwar Bosso ko Tunga a Minna yake sanin cewa siririyar waya ba za ta ɗauki hita ba sai ta yi zafi ta narke.

Hukuncina a mas'alar shi ne, Cavendish ya riga Ohm gani, amma ganinsa ya dogara ga jin jikin mutum ɗaya, wanda babu mai iya sake gwada shi ya tabbatar; Ohm kuwa ya auna da na'ura, ya bayyana ga jama'a, ya ɗauki sukar da ta biyo baya. Don haka sunan yana hannun mai shi.