Soja Huɗu da Ƙasar da Ke Haɗiye Su: Tarihin Wasan Hidden & Dangerous

Matashin da ya zauna a Birnin Kudu ko Gwaram ya buɗe PUBG Mobile a wayarsa, ya jawo abokai uku suka zama rukuni guda, yana bin tsarin da ya girme shi ne. Rukunin mutum huɗu, kowa da makaminsa da aikinsa, wanda faɗuwar ɗaya ke raunana sauran, ya daɗe a wasannin kwamfuta kafin wayar hannu ta iya ɗaukarsa. Cikin wasannin da suka fara gwada shi a fagen Yaƙin Duniya na Biyu akwai Hidden & Dangerous, wanda ya fito a 1999. Waɗanda suka buga shi a lokacin suna tuna shi da abu biyu: ya sa su jin nauyin ran soja fiye da yadda suka saba, kuma yakan kashe musu wannan sojan ba gaira ba dalili. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya.

Wasannin harbi da suka mamaye shekarun 1990, irin su Doom na 1993 da Quake na 1996, a kan jarumi guda aka gina su. Shi kaɗai yake kutsawa cikin ɗaruruwan abokan gaba, ya sha harsashi ya tsinci magani a ƙasa ya warke nan take. A 1998 iska ta fara juyawa. Rainbow Six ya zo da rukunin 'yan ko-ta-kwana da ake tsara wa hanya kafin a shiga gini, Commandos na wani kamfani a Sifen ya mayar da yaƙin 1939 zuwa 1945 wasan dabara da ake kallo daga sama, fim ɗin Saving Private Ryan kuma ya sake tayar da sha'awar wancan yaƙi a Turai da Amurka. A wannan yanayi ne wani ƙaramin kamfani mai suna Illusion Softworks, wanda Petr Vochozka ya kafa a 1997 a birnin Brno na Jamhuriyar Cek, ya ƙudurta haɗa waɗannan duka a tukunya ɗaya. Kamfanin Take-Two na Amurka ne ya ɗauki nauyin kai wasan kasuwa.

Ɗan wasa yana jagorantar sojojin SAS ne, wato rundunar musamman ta Birtaniya da David Stirling ya kafa a 1941 domin kai farmaki bayan layin abokan gaba. Ana ba shi jerin mutum 40, kowanne da ma'aunin iya harbinsa, da saurin farga, da iya saɗaɗe, da ƙarfi, da juriya. Daga ciki zai zaɓi 8 su raka shi zango guda na yaƙi, sannan a kowane aiki ya fita da 4. Ayyukan 23 ne, an rarraba su a zango 6: Italiya, Yugoslabiya, Jamus, Norwe, Tekun Arewa da Cekoslobakiya. Abin lura, babu hamadar Masar da Libiya a ciki, alhali can aka haifi rundunar.

Armashin wasan yana farawa tun kafin a harba harsashi ko ɗaya. Kayan yaƙin da za a yi zango da su tun farko ake zaɓensu, kuma kowane soja akwai iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Wanda ya loda wa mutum bindiga mai jigida to ya rage masa gurneti. Wanda ya ɓarnatar da harsashi a aikin farko zai je na uku yana lalube a jikin gawar Jamusawa. Sojan da ya mutu kuwa ya tafi ke nan, zangon zai ci gaba ba tare da shi ba, kuma harsashi ɗaya ko biyu sun isa su kwantar da shi. Saboda haka ɗan wasa yakan kwashe mintuna yana rarrafe da ciki a cikin ciyawa, yana leƙen gada ta madubin bindiga, don kawai kada ya rasa gwanin harbin da ya raino tun daga Italiya. Aikin farko ma a cikin duhu da ruwan sama yake, a bakin wata gadar jirgin ƙasa, kuma ya isa ya koya wa mai gaggawa cewa a nan sauri ya haifi nawa.

Hanyar ba da umarni ita ma sabon abu ce a lokacin. Ana iya shiga jikin kowane ɗaya daga cikin huɗun a sarrafa shi kai tsaye, ko ta idonsa ko ta bayansa, sauran ukun kuma a yi musu tsawa su biyo, su tsaya, ko su dakata da wuta. Ana kuma iya tsayar da yaƙin cak a buɗe taswira, a zana wa kowa hanyarsa da inda zai jira, sannan a saki lokaci a ga yadda shirin zai kaya. Akwai motoci da ake tuƙawa, akwai kuma damar mutum huɗu su haɗa kwamfutocinsu kowa ya riƙe soja guda. Duk wannan a fili mai faɗi, ba a lungunan gini ba.

Daga nan ne kuma matsalar ta ɓullo. Fitacciyar tangarɗar wasan, wadda kusan duk mai bitarsa ya ambata, ita ce ƙasa takan buɗe ta haɗiye soja. Mutum yana kwance yana rarrafe, ko yana sauka daga ɗan tudu, sai ya zurma ta cikin ƙasa ya faɗa cikin sarari, wasan kuma ya rubuta shi a matacce. Wani ya maƙale a jikin katanga ya kasa gaba ya kasa baya. Wani a umarce shi ya zagaya gini sai ya bi ta gaban bakin bindigar abokan gaba. Wani kuma ya hango Bajamushe ya buɗe wuta ba tare da la'akari da cewa ɗan'uwansa na tsaye a tsakani ba. Wani lokaci wasan gaba ɗaya ya rufe kansa ya mayar da mutum fuskar Windows.

Yana da kyau a fahimci yadda irin wannan zurmawa ke faruwa, domin har yau ba ta ƙare a wasanni ba. Ƙasar da ake gani a allon kwamfuta ba ta da kauri ko kaɗan. Shimfiɗa ce ta ƙananan alwatika da aka jera gefe da gefe, ƙarƙashinta babu komai. Sau da dama a cikin daƙiƙa guda manhajar takan matsar da soja kaɗan, sannan ta tambayi kanta ko ya taɓa ƙasa. Idan kwamfutar ta yi nauyi, tazarar da ke tsakanin tambaya da tambaya ta yi tsawo, sojan zai iya kasancewa a saman shimfiɗar a lissafin farko, a na biyu kuma ya riga ya wuce ƙarƙashinta, ba tare da an taɓa kama shi yana ratsawa ba. Haka ma idan akwai 'yar ɓaraka a inda alwatika biyu suka haɗu. Jikin da ke tsaye lissafinsa mai sauƙi ne. Jikin da ke kwance a kan gangara, ƙafa a sama kai a ƙasa, shi ne mai wuya. Wato rarrafen da wasan ya tilasta wa ɗan wasa domin ya tsira, shi ne yanayin da manhajar ta fi rauni a kansa.

Neman hanya ma haka yake. Wasan da ke cikin gini yana da ƙofofi da barandu ƙidayayyu, don haka koya wa sojan kwamfuta bin su ba wuya. Fili mai tudu da kwari da shinge da rami yana buƙatar lissafin da injunan 1999 ba su da wadatarsa. Ga kuma bambancin kayan aiki: wani yana da katin hoto na 3dfx, wani na Nvidia, wani Windows 95, wani 98, kuma ƙaramin kamfani ba zai iya gwada wasansa a kan kowane haɗi ba.

A wasa irin Quake tangarɗa abin dariya ce, mutum ya mutu ya tashi ya ci gaba. Hidden & Dangerous kuwa ya gina darajarsa ne a kan alƙawarin cewa mutuwa tana da dalili, kuma dalilin kuskuren kwamanda ne. Duk sojan da ƙasa ta haɗiye ya karya wannan alƙawari. Da yawan 'yan wasa sun koma ajiye mutum uku a bayan wani dutse, su tafi da ɗaya su gama aikin, in ya faɗi su ɗauko na biyu. Wasan da aka ƙera domin aikin rukuni sai ya koma wasan jarumi guda mai rai huɗu. Wannan ita ce asara mafi girma da kurakuran suka jawo, ta fi rufewar manhaja ciwo.

Duk da haka ya samu kasuwa, musamman a Turai, har aka kai shi na'urar Dreamcast a 2000 da PlayStation a 2001. Kamfanin ya yi ta fitar da faci, wanda a zamanin intanet na layin tarho mutane da dama sai a faifan da ke maƙale da mujallun wasanni suke samunsa. A 2002 aka sake shi da gyararren inji da sunan Hidden & Dangerous Deluxe, daga baya kuma aka bayar da shi kyauta domin share fage ga kashi na biyu. Wannan na biyun ya fito a Oktoban 2003, a kan injin da kamfanin ya gina wa shahararren wasansa Mafia na 2002. Ya fi na farko kyau da faɗi, amma shi ma ya iso da nasa kurakuran, sannan babu damar abokai su haɗu su yi ayyukan tare sai da ƙarin Sabre Squadron ya zo a 2004. A watan da ya fito ne Call of Duty na farko ya shigo kasuwa da wata falsafa dabam: sojojin da ke kewaye da ɗan wasa ba ya ba su umarni, hanyarsu a rubuce take tun daga kamfani. Abin da aka rubuta tun farko da wuya ya ɓata hanya, kuma wannan salo ne ya ci kasuwa. Take-Two ya saye Illusion Softworks a 2008 ya sauya masa suna zuwa 2K Czech, ba a kuma sake fitar da kashi na uku ba. Zaren fili mai faɗi wani kamfanin Cek ne ya riƙe shi, wato Bohemia Interactive, da Operation Flashpoint na 2001 da jerin Arma, kuma a kan Arma ne Brendan Greene ya fara gwada tsarin da ya zama PUBG a 2017.

Kashi na biyun ya gyara giɓin hamada, ya kuma kai 'yan SAS har dazukan Bama su fafata da Japanawa. A nan mai karatu Bahaushe yana da abin cewa, domin SAS ba ta yi yaƙin Bama ba, amma kakanninsa sun yi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Rejimantin Nijeriya kuma suna cikin dakarun Chindit na Janar Orde Wingate da aka jefa bayan layin Japanawa a 1944, wato ainihin irin aikin da wasan ke kwaikwayo. Hausa ce harshen bariki a tsakanin mafi yawansu. A Arewa ɗaukar soja ta hannun En'e da hakimai ta bi, a lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke gundumomi a ƙarƙashin masarautar Kano, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Abubakar Imam kuma tana kai labarin fagen daga zuwa gida.

Lissafin nauyin kaya da wasan ya mayar abin nishaɗi, a Kaladan a kan mutane ya sauka. Inda babu hanyar mota, Runduna ta 81 ta dogara ne da abin da jiragen sama ke jefo mata, da kuma dubban sojoji 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, suna hawa da sauka a tsaunuka. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya ba da labarin 'yan Chindit na Nijeriya a littafinsa Burma Boy na 2007. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi kuwa suna nan a ƙofofin bariki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, sai sunan dakarun Chindit a Zariya, inda ake horar da kuratan sojan ƙasa na Nijeriya.