Zanen Bango a Birnin Damagaram: Tarihinsa da Kalmominsa

Duk ɗalibin da ya ratsa unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram, abin da yakan fara ɗaukar hankalinsa shi ne fuskokin gidaje: zankwaye a bisa soraye, da zane mai sarƙaƙiya kewaye da ƙofar zaure. A cikin wannan ƙasida za mu duba tarihin wannan ado a taƙaice, sa'an nan mu nuna amfaninsa ga masu binciken harshe da masu tsara yaƙi da jahilci.

1. Zamanin sarauta

Damagaram ta bunƙasa ne a zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Fatauci tsakanin Kano da Barno da Tarabulus ya tara dukiya a garin, dukiya kuwa ta jawo magina. Da tubali suke gini, su yi rufi da azarar giginya, su ɗaure manyan soraye da bakan gizo. Yaɓe iri biyu ne. Akwai makuba, wadda akan samu daga ɓawon ɗorawa, akwai kuma laso, wanda akan haɗa da katsin marina da gashin jima da dafara don ya tsare ruwan sama. Tun yaɓen yana ɗanye magini yakan fitar da zanensa da hannu, kafin a shafe shi da farar ƙasa ko jar ƙasa. A wancan lokaci yawancin adon a cikin ɗakunan sarakuna da manyan attajirai yake, talaka bai cika ganinsa ba.

2. Zamanin Turawa

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita hedkwatar ƙasa daga 1911 zuwa 1926, shekarar da aka koma Yamai. Sa'ad da cinikin gyaɗa ya kankama, sababbin masu kuɗi suka fito da zane waje, bisa fuskar zaure, inda kowa zai gani ya san matsayin mai gida. Daga baya siminti da fenti suka shigo, launuka suka yawaita. Haka aka yi a Zariya, inda Kirk-Greene ya nuna a littafinsa na 1963 cewa har keke da agogo sun shiga zanen bango.

Bayan haka wannan salo ya zama abin alfahari na ƙasa baki ɗaya. Gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya ƙawata wasu ɗakunansa da irinsa. Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin Falke Barmu, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A 2006 kuma Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa.

3. Abin da kalmomi ke nunawa

Kalmomin sana'ar su kansu shaidu ne na tarihi. Rubutu daga Barebari aka aro ta, kamar yadda Greenberg ya nuna a 1960. Zayyana daga Larabci take. Siminti da fenti kuwa Turawa suka zo da su. Har ila yau, siffa ɗaya takan ratsa sana'o'i da yawa da suna ɗaya: dagin da magini ke fitarwa a bango shi ne maɗinki ke zubawa a riga, shi ne baduku ke yi a fata. Wato jama'ar birni sun daɗe suna gane alamu suna kiransu da sunayensu tun kafin zuwan boko.

Daga wannan muna ba da shawara biyu. Ta farko, a gaggauta tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin magina, tare da nuna tsawon wasali da karin sauti, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya bambanta zanen bango da zanen ɗaurawa. Gidan ƙasa in ya faɗi da bulo ake mayar da shi, kuma yaron da bai taɓa kwaɓa laso ba ba zai riƙe sunansa ba. Ta biyu, a sa waɗannan siffofi cikin littattafan koyon karatu na manya, domin a fara da abin da idon mai koyo ya riga ya sani kafin a kai shi ga baƙi da wasali.