Shekara 13 na'ura tana karanta wasiƙun mutane don talla

Duk wanda ya sayi waya Android a kasuwar Maradi ko Damagaram ya san yadda ake yi: yaron shago ya karɓa, ya buɗe maka adireshin Gmail, ya miƙo maka. Da yawa daga cikinmu ko sunan adireshin ba mu riƙe ba. To, wannan akwatin saƙo yana da tarihin rigima, ku biyo ni mu ji.

Ranar 1 ga Afrilu 2004 kamfanin Google na Amurka ya fito da Gmail. Ranar ce Turawa ke zolayar juna da labarin ƙarya, shi ya sa wasu suka ɗauka wasa ne, don ya ce zai ba kowa wurin ajiya giga 1 kyauta, alhali Hotmail mega 2 yake bayarwa, Yahoo mega 4. Ashe gaskiya ne. Sai dai kyautar tana da igiya: na'ura za ta bi kalmomin da ke cikin wasiƙarka ta zaɓo tallar da ta dace, ta manna a gefe. Ka rubuta wa ƙanenka zancen tafiya, sai ga tallar tikitin jirgi.

Cikin watan nan ƙungiyoyi 31 masu kare sirrin jama'a suka rubuta wa Google cewa ya dakatar da abin. Wata ƴar majalisar dattawan jihar Kalifoniya, Liz Figueroa, ta kawo ƙudirin doka. Amsar kamfanin ɗaya ce: ba mutum ke karantawa ba, na'ura ce, irin wadda ke tace saƙon ƴan damfara. Aka ci gaba.

Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Iyayenmu da ba su yi lakwal ba, idan wasiƙa ta zo daga Abijan ko Legas, yaro ɗan makaranta suke kira ya karanta musu. Amma fa su ke zaɓen yaron, sun san gidansu, kuma in ya kai zancen kasuwa sun san kunnen wa za su ja. A nan kuwa akwai wanda ba a taɓa tambaya ba: mutumin da ba shi da Gmail, ya aiko wa mai Gmail wasiƙa. Shi bai sa hannu a kan komi ba, amma an bi kalmominsa. A kan wannan aka kai Google kotu. Lauyoyinsa suka ce ai wanda ya aika wasiƙa ofis ba ya mamaki in sakatare ya buɗe ta. A watan Satumba 2013 mai shari'a Lucy Koh ta ƙi korar ƙarar.

Abin dariya, a shekarar nan Microsoft ya yi ta talla yana kushe Google. Watan Maris 2014 sai ta fito fili cewa shi ma ya buɗe akwatin Hotmail na wani marubucin intanet a Faransa, yana neman ma'aikacinsa da ya fitar da sirrin Windows.

A Afrilu 2014 Google ya daina binciken wasiƙun ɗalibai don talla. Sauran jama'a sai da suka jira Yuni 2017, lokacin masu Gmail sun wuce biliyan 1 da miliyan 200. Ku duba wadda ta yi sanarwar: Diane Greene, shugabar sashen da ke sayar wa manyan kamfanoni aiki. Su masu biyan kuɗi ba a bin wasiƙunsu don talla, amma zancen yana sa su ɗari-ɗari. A ganina kukan masu biya ne ya yi abin da ƙungiyoyi 31 suka kasa. Kuma a lokacin Google ba ya cikin matsi, abin da kake nema a intanet da abin da kake kallo a YouTube sun ishe shi zaɓen talla.

Na'urar ba ta rufe ido ba, har yanzu tana bin saƙo don tace shara da ba ka gajerun amsoshi. Sannan a Yuli 2018 jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo cewa wasu kamfanonin manhaja, waɗanda mutane suka danna wa "na yarda", ma'aikatansu sun zauna sun karanta dubban wasiƙu da idanunsu.