Janar Wingate da Yaƙin Dajin Bama

Cikin hafsoshin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, kaɗan ne aka yi gardama a kansu kamar Orde Wingate. An haife shi a Indiya cikin 1903, ya tashi da son karatu da taurin kai. Ya koyi Larabci, ya yi aikin soja a Sudan daga 1928 zuwa 1933, can ya saba da ƙishirwa da doguwar tafiya. Cikin 1938 ya kafa ƙungiyoyin yaƙin dare a Falasɗinu, waɗanda suka tsananta wa ƙauyukan Larabawa ƙwarai.

Cikin 1941 ya shiga Habasha da 'yan mutane kaɗan, Sudaniyawa da Habashawa, ya riƙa yi wa Italiyawa sari-ka-noƙe har suka zaci runduna ce babba. Ran 5 ga Mayu Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa.

Daga nan aka tura shi Bama, wadda yau ake kira Miyanma, inda Japanawa suka kori Ingilishi. Dabararsa ita ce soja su kutsa bayan abokan gaba, jirgin sama ya riƙa jefo musu guzuri. Cikin Fabrairu 1943 mutanensa wajen 3,000 suka haye kogin Chindwin da alfadaransu, suka yanke hanyar jirgin ƙasa. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Fiye da 800 ba su komo ba. Waɗansu masu rauni a daji aka bar su, waɗanda suka komo kuwa da yawa yunwa da zazzaɓi sun karya su.

Cikin Maris 1944 ya sake kai hari da runduna mafi girma, cikinta har da bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ran 24 ga watan jirginsa ya faɗi cikin duwatsun Manipur, ya rasu yana da shekara 41.

Har yau masana tarihi suna gardama ko ribar yaƙinsa ta kai hasararsa. To, 'yan makaranta, in kun ji ana yabon jarumtar shugaba, ku tambayi labarin waɗanda suka bi shi da ƙafa, gama jikinsu ne ya biya.