Gefen Kwalta: Yadda Mai Keke Ya Rasa Gurbinsa a Hanyar Kurfi Zuwa Dutsin-Ma

A hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: da zarar mai keke ya ji ƙugin mota a bayansa, sai ya sauka daga kwalta. Wannan ɗabi'a gado ce, kuma tana da tarihi.

A zamanin En'e, keke abin hawan manya ne. Malamin makaranta, malamin gona da malamin asibiti su ne ke hawan Raleigh, kuma ana yanka wa keke lasin, alamar hukuma ta san da zamansa a kan hanya. Sai dai kwaltar farko a yawancin hanyoyin Arewa siririya ce, faɗin mota ɗaya. Idan akori-kura ta taho, dole wani ya kauce, kuma ba direba ba ne zai kauce. Daga baya an faɗaɗa tituna, amma ɗabi'ar ba ta gushe ba.

Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Doka ta haɗa har da keke: ya bi hannun dama, fuskarsa inda motoci suka dosa. Duk da haka har yau za ka ga mai keke yana tunkarar motoci gaba da gaba, wai don ya ga abin da ke tafe. Wannan dabarar mai tafiya a ƙasa ce. A kan keke, gudun motar da na keken haɗuwa suke yi, kuma direban da zai fito daga kwana ba ta nan yake duba ba.

Bakin kwaltar ma, da ake ɗauka mafaka, nan ne ruwan damina ke zaizayewa, nan rairayi ke taruwa. Wanda ya ɗauro buhun masara a kariya, in tayarsa ta zame daga wannan gaɓa, cikin titi zai faɗa. Shi ya sa ƙa'idar hanya ta Birtaniya, bayan gyaran 2022, ta shawarci mai keke ya bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bakin titi, direba kuma ya ba shi mita ɗaya da rabi in zai wuce shi. A nan kuwa, ko ministan sufuri bai tsira ba: a 2001 bas ta ture Ojo Maduekwe daga kan kekensa a Abuja, yana tsakiyar kamfen ɗin a koma hawan keke.

Babur ya kusa shafe keke a garuruwan nan, sai lamura suka juya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur saboda 'yan bindiga. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙarasa sauran. Keke ya dawo, amma ya tarar da Dutsin-Ma da ta cika da motoci da A Daidaita Sahu tun kafuwar Jami'ar Tarayya a 2011. Yawancin kekunan da aka kakkaɓo daga zaure ba su da fitila, ba su da madubin baya mai ƙyalli, kuma da su ake komawa gida bayan magariba.