Suzuki 100 da Honda CG125: Musun da Kakanninmu Suka Bar Mana

1/ Kafin Boxer, kafin Jincheng, akwai wani musu da ba ya ƙarewa a majalisun Bakori: Suzuki 100 ko Honda CG125? Kakana ɗan Suzuki ne, amininsa malamin firamare ɗan Honda. Ku matso. 🧵

2/ Da wane kuɗi aka saye su? A 1975 ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji. A shekarun nan ne kuma aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya kawo taki da hanyoyin karkara. Ga kuɗin auduga. Mai keke ya fara hangen babur.

3/ Suzuki A100 ta fito a Japan a 1966. Injinta na ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa hayaƙi da ƙara. Amma ba nauyi, ga fizga, ga sauƙin gyara. Kamfanin Boulos ke haɗa Suzuki a Legas.

4/ Ita CG125 a 1975 ta fito. Kafin nan Honda ta tura injiniyoyi ƙasashe irin su Tailan da Pakistan. Suka ga mutane na lafta wa mashin kaya, kuma ba a juye baƙin mai sai ya mutu murus. Kun san wasu masu irin wannan hali? 😂

5/ Maimakon wa'azi, sai suka ƙera injin da zai jure sakaci, da matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. A 1979 Honda ta kafa masana'anta a Ota, Jihar Ogun.

6/ Hujjar kakana: Suzuki in ta mace maka a hanyar gona, cire fulogi ka goge, ka taka, ta tashi. Hujjar Malam: Honda ba ta ɓata maka farar riga, kuma mai kaɗan ya kai ka Malumfashi ka dawo.

7/ Kowa da gaskiyarsa. Manomi na tsoron kuɗin gyara, ɗan albashi na lissafin mai har ƙarshen wata.

8/ Abin mamaki, duk biyun ba su mutu ba. Jincheng AX100 da 'yan acaɓa suka yi yayi jinin Suzuki ce. Mashinan Caina masu yawa kuwa injin CG aka kwafa. Jikokinsu muke hawa ba mu sani ba.

9/ Wa ya ci musun? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tambayar farko a wajen dillali ita ce: yana shan mai? Malam ya yi nasara, sai dai ya rasu bai gani ba. Allah Ya jiƙansa.

10/ Suzukin kakana na nan jingine a zaure, ya hana a sayar wa 'yan jari-bola. A gidanku wanne aka hau? Ku tambayi tsofaffinku tun suna nan.